Bishiyoyin da Taswira ta Kasa Gani: Yadda Ake Karanta Ƙasa daga Hotunan Sama

Akwai wasu hotuna biyu na ƙauyen Galma, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, da masu nazarin Sahel suka daɗe suna nuna wa juna. Na farko daga jirgin sama aka ɗauke shi a 1975, ana cikin farfaɗowa daga farin da ya kassara yankin a farkon shekarun 1970. Ƙauyen ɗan mitsitsi ne, gonakin da suka kewaye shi fayau, sai 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe jefi-jefi. Waɗannan ɗige-ɗigen su ne bishiyoyi. Na biyu na 2003 ne. Gari ya bunƙasa, bakunan da ake ciyarwa sun ƙaru, murahun da ke cin itace sun ƙaru. Kowa zai zaci 'yan bishiyoyin nan sun daɗe da zama toka. Sai ga gonakin cike da ɗigo, kamar an barbaɗa masoro a kan faifai.

Gray Tappan, masanin labarin ƙasa a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, shi ne ya riƙa jera tsofaffin hotunan jirgi kusa da sababbi yana ƙirga ɗigo. Shi da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka bi sawun abin a jihohin Maraɗi da Damagaram, musamman Magarya da Matamai da Mirya. Ƙiyasin da suka fitar a ƙarshen shekarun 2000 ya ba mutane mamaki: kimanin hekta miliyan 5 na gonaki sun sake yin itatuwa, wajen bishiya miliyan 200, kuma akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, su sassabe sauran, su bar shi ya tashi. Sassabin zamani ake ce wa dabarar a can, kuma Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ya zauna a Maraɗi, ya yi ɗawainiyar yaɗa ta tun daga 1983.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: tun 1972 taurarin ɗan Adam na Landsat suke shawagi suna ɗaukar hoton wannan ƙasa a kai a kai. Ga ofisoshi maƙil da taswirori da rahotanni, kusan duka suna cewa hamada na tahowa. To ta yaya bishiyoyi masu wannan yawa suka tsiro tsawon shekara ashirin taswira ba ta ce uffan ba? Amsar na cikin yadda ake haɗa taswirar kanta, don haka sai mun bi aikin daki-daki.

Gida ɗaya, mita nawa?

Taswirar da ake magana a kai ba irin wadda aka rataya mana a aji ba ce, mai iyakoki da sunayen garuruwa. Wannan bin ƙasa take yi taƙi-taƙi da tambaya ɗaya: mene ne a kwance a nan? Shuka ce ko ciyawa? Itace ne, ruwa ne, rairayi ne, dutse ne, rufin ɗaki ne ko kwalta? Kowace amsa da launinta. Idan an gama sai ka ga ƙasa kamar atamfa, kore nan, ruwan ƙasa can, kuma kana iya auna hekta nawa kowane launi ya ci. Mu kira ta taswirar lulluɓin ƙasa. Da ita ake ƙiyasta filin noma, da ita ake sanin inda ruwan sama zai nutse da inda zai gangara ya shiga gidajen mutane, da ita ake gane ko daji na ja da baya.

Hoton da kwamfuta ke karantawa a yayyanke yake gida-gida, kamar saƙar tabarma. Kowane gida shi ake kira fiksel, kuma launi ɗaya tak yake ɗauka komai yawan abin da ke cikinsa. A hoton Landsat, tun daga 1982, gida ɗaya fili ne mai mita 30 a tsaye da mita 30 a kwance, wato murabba'in mita 900. Yanzu kawo babban gawo wanda rassansa suka baje mita 10 daga gefe zuwa gefe. Faɗin kansa bai kai murabba'in mita 80 ba, ko kashi ɗaya cikin goma na gidan bai cika ba. Sauran duk rairayi ne mai haske da karan gero. Na'ura za ta gauraya hasken duka ta fitar da launi ɗaya, launin kuma na gona ne. Gawo ya ɓace a ciki kamar ɗigon tawada a tulu. Idan ka raba miliyan 200 da miliyan 5 za ka samu bishiya 40 a kowace hekta, yawancinsu matasa, a warwatse. Ba su isa su sauya launin gida ba.

Idan kuwa gidan ya koma rabin mita, wannan gawon shi kaɗai zai mamaye gida sama da 300. Za ka ga siffarsa, ka ga inuwarsa, har ka ga turbar da awaki suka tattake zuwa gindinsa neman 'ya'yansa. Falalar hoton jirgi ke nan. Jirgi 'yan kilomitoci ne tsakaninsa da ƙasa, Landsat kuwa yana can sama da kilomita 700.

Daga cikin jirgi zuwa kan tebur

Ɗaukar hoto daga sama tsohon abu ne. Wani Bafaranshe mai laƙabin Nadar ya yi shi daga cikin balan-balan a kusa da Faris a 1858, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya mayar da shi sana'a. A ƙasashen da Ingila ta mulka, wata hukumar safiyo da aka kafa a 1946 ta shafe shekaru tana ɗaukar hotunan ƙasa daga jirgi, har da Najeriya. Faransa ma ta yi nata a Nijar tun shekarun 1950. Da yawa daga cikin tsofaffin taswirorin safiyo da ke ofisoshinmu daga waɗannan hotuna aka zana su.

Kyamarar a ƙasan jirgin take a girke, tana kallon ƙasa kai tsaye. Jirgin ya bi layi miƙaƙƙe, ya juyo ya bi na kusa da shi, tamkar mai huɗa da garmar shanu. Kowane hoto sai ya hau kan wanda ya gabace shi da kusan kashi 60 cikin 100, layi da layi kuma su shiga juna da kashi 20 zuwa 30. A zamanin fim, hoto ɗaya santimita 23 ne a kowane gefe. A ce an ɗauka a ma'aunin 1:25,000 da irin kyamarar da aka fi amfani da ita: jirgi na wajen mita 3,800 sama da ƙasa, hoto ɗaya ya rufe kusan kilomita 6 a kowane gefe, gawon nan namu kuma bai kai rabin milimita ba a kan takarda. Amma yana nan, da madubin ƙara girma ana ganinsa.

Hawan hoto kan hoto ba asarar fim ba ne. Kowane wuri an ɗauke shi sau biyu daga kusurwa biyu, kamar yadda idanunka biyu ke kallon abu ɗaya. Sai a shimfiɗa hotunan biyu a ƙarƙashin wani tabarau mai ƙafafu, idon dama na kallon wannan, na hagu na kallon wancan. Wanda ya taɓa gwadawa ba ya manta karon farko. Da fari sai jiri-jiri, hotunan na rawa. Ka sa yatsa ka ɗan matsar da ɗaya, ka ƙara matsarwa kaɗan. Kwatsam sai takardar ta buɗe: tudu ya taso, kwari ya lotsa, giginya ta miƙe tsaye kamar za ta tsone maka ido. Ta haka ake sanin tsawon abu, tsawo kuwa shi ke raba bishiya da kumbun sabara.

Amma hoto bai zama taswira ba tukuna. Jirgi na karkata, ƙasa ba a shimfiɗe take ba, abin da ke kan tudu ya fi kusa da kyamara sai ya fito da girma, dogon abu da ke gefen hoto kuma sai ya kishingiɗa waje. Dole a miƙar da hoton. Masu safiyo kan sauka su auna wasu wurare da ake gani sarai a cikinsa, irin mahaɗar hanya ko kusurwar katanga, da na'urar GPS mai inganci. Sai kwamfuta ta ja hoton ta daidaita shi da waɗannan wurare da bayanin tudu da gangare. Wannan mataki ba shi da armashi ko kaɗan, amma idan aka yi sake da shi, hoton da da na bana za su goce wa juna da 'yan mitoci, lissafi ya nuna an sare bishiyar da ke nan daram, an kuma samu sabuwa a gefenta.

Ga kuma matsalar lokaci. Da damina gajimare ya rufe ƙasa, daga Disamba hazo ya sauko. A yankinmu 'yar tagar da ke tsakani, bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya kankama, ita ce ta fi dacewa da tashin jirgi.

Idon da ya san daji

Nan ne gundarin aikin yake, kuma nan ne ake tafka mafi yawan kuskure. Daga sama babu abin da ke kama da kansa. Mai fassara hoto yana lura da launi da girma da siffa, da inuwa, da laushi ko kaushin fuskar abu, sannan da maƙwabtansa. Amma duk waɗannan alamomi ba sa magana sai ga wanda ya san wurin da ƙafarsa.

Mu koma kan gawo. Sauran itatuwa da damina suke ganye, su zubar da rani. Gawo ya saɓa wa kowa: da damina yake tsirara, da rani ya yi shar. Shi ya sa manomi ke ƙaunarsa, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. To duba abin da wannan ke yi wa mai taswira. A hoton watan Agusta komai kore ne, gero kore, ciyawa kore, sabara da kalgo kore, gawo kuwa ƙashi ne kawai a tsaye, ana hango shuka ta tsakanin rassansa. Wanda ya koyi aikin a inda aka saba ɗaukar hoto lokacin da shuka ke tashe, idan ya zaɓi hoton damina, ya rasa itacen da ya fi kowane muhimmanci a gonakin Damagaram. A hoton Fabrairu ne gawo ke fitowa baƙi-ƙirin a kan farin rairayi, ka ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a wannan watan kuka ta zubar da nata ganyen, ba abin da ke tona ta sai inuwar ƙatuwar gangar jikinta. Babu wata ɗaya a shekara da zai nuna maka dukan itatuwan gona.

A hankali ido kan saba. Darbejiya a jere take a bakin titi da cikin gari, kusan kullum da ganye. Mangwaro dunƙulalle ne mai duhu, a fadama ko bayan gida. Giginya da goriba kansu ƙarami ne kamar tauraro, inuwarsu doguwa siririya. Rumbu zagaye ne kamar ƙaramar bishiya, amma a gungu yake a gefen gari kuma girmansu kusan ɗaya.

Cikin gari kuma wata jarrabawa ce. Soron da aka gina da ƙasar wurin, rufinsa da tsakar gidansa da fakon da ke bayan gari duk launi ɗaya ne. Abin da ke raba su 'yar siririyar inuwa ce a gindin katanga, idan kuma tsakar rana aka ɗauki hoton, ita ma babu. Sabon kwano na ƙyalli har ya kashe ido, tsohon da ya yi tsatsa kuma kamar jar marmara. Kududdufin da kainuwa ta rufe kore ne shar, ba wuya a rubuta shi lambu.

Na'urori biyu sun sauƙaƙa wannan wahala. Kyamarorin yanzu, ban da ja da kore da shuɗi, suna kama wani haske na huɗu da ke gaba da ja kaɗan, wanda idonmu ba ya gani, ana ce masa infirared. Ganye mai rai yana shanye jan haske ya mayar da wannan da ƙarfi, ruwa kuma shanye shi yake yi. Tun a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera fim mai kama shi, don tona kayan yaƙin da aka ɓoye da koren fenti. Da shi ake raba koren kwano da koren ciyawa nan take. Ta biyun ita ce lida, na'urar da ke harba hasken lesa ƙasa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya tana auna lokacin da yake ɗauka ya dawo. Ita ke ba da tsawon kowane abu. Soro mai mita 3 ya rabu da fako ke nan, ko da launinsu ɗaya.

Duk da haka, lokacin da USGS da cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta Agrhymet da ke Yamai suka tashi zana taswirar ƙasashe 17 na Afirka ta Yamma na shekarun 1975 da 2000 da 2013, ba su bar wa kwamfuta hukunci ba. Ƙwararru daga ƙasashen ne suka zauna suna duba hotunan Landsat wuri-wuri, a tazarar kilomita 2, suna gwadawa da hotuna masu kaifi, suna raɗa wa kowane wuri suna da ido. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna filin noma a yankin ya ninka biyu cikin waɗannan shekaru. Ina ganin zaɓin da suka yi daidai ne a wancan lokaci.

Da kwamfuta ta karɓi aikin

Sai dai ido na gajiya. Jihar Kano kaɗai kusan murabba'in kilomita 20,000 ce. Idan gida ɗaya mita ɗaya ne, gida biliyan 20 ke nan. Ba ofishin da zai iya binsu da fensir.

Misalin da aka fi kawowa a wannan fanni na mashigin tekun Chesapeake ne a gabashin Amurka. Ruwan jihohi shida da birnin Washinton can yake gangarawa, daga fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 166,000. A 2010 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙayyade yawan sinadarin taki da laka da za a bari su shiga mashigin. Don cika wannan sharaɗi sai an san inda kwalta da rufi suke, waɗanda ba sa shan ruwa, da inda 'yar siririyar jerin bishiyoyi ke tare bakin rafi. Taswirar mita 30 ba ta ganin wannan jeri, kamar dai yadda ba ta ga gawo ba. Sa'ar da suka yi ita ce ma'aikatar gona ta Amurka tun 2003 take ɗaukar hoton ƙasar daga jirgi a kai a kai, kowa kuma na iya ɗauka kyauta. Ƙungiyar Chesapeake Conservancy da Jami'ar Vermont da abokan aikinsu suka haɗa waɗannan hotuna da bayanan lida, suka kammala taswirar mita ɗaya a 2016. Kwamfuta ce ta riƙa tattara gidaje masu kama da juna ta mayar da su abu guda, rufi ko fili ko kan bishiya, ta yi masa hukunci bisa launinsa da tsawonsa da siffarsa, sannan mutane suka bi suna gyara. Aikin ya ci wata 10 da dala miliyan 1.3. Kaifinta ya kai har an ware rukuni na musamman don reshen bishiyar da ya rufe titi.

Bayan nan aka shiga zamanin koyar da kwamfuta da misali. Maimakon a rubuta mata ƙa'idoji, sai a zana mata dubban misalai a ce wannan bishiya ce, wannan ba ita ba ce, har ta kama alamomin da kanta. Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan ya zauna ya zagaye kan bishiya kusan 90,000 da hannu. Da wannan aka horar da manhaja, aka sake ta kan hotuna sama da 11,000 na taurarin 'yan kasuwa masu kaifin rabin mita, waɗanda suka kamo hoton jirgi wajen fitar da abu. A 2020 suka sanar da bishiya sama da biliyan 1.8 a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, har da wuraren da taswirorin duniya ke nunawa babu komai. A 2023, tare da masanan hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka ƙirga biliyan 9.9.

Wannan ci gaba ne na gaske, ba na raina shi. Amma a lura da inda ya faro: mutum ɗaya da idonsa yana zagaye bishiya. Kwamfuta idon malaminta take gada, da saninsa da jahilcinsa. Manhajar da aka horar da rufin gidajen Amurka, idan aka kawo ta tsohon birnin Zariya ko Birnin Damagaram, rabin gari za ta ce fili ne. Kuma kuskuren kwamfuta ya fi na mutum haɗari ta fuska ɗaya: mutum kan yi shakka ya sa alamar tambaya a gefen takarda, ita kuwa launi za ta shafa mai kyau, ta maimaita kuskuren sau miliyan.

Shi ya sa duk taswirar kirki sai an jarraba ta. A zaɓi ɗaruruwan wurare ba tare da son rai ba, a je da ƙafa ko a duba hoton da ya fi kaifi, a gwada abin da taswira ta ce da abin da ke ƙasa. Tun 1976 masanan USGS suka sa kashi 85 cikin 100 a matsayin abin da ake nema. Taswirar duniya mai kaifin mita 10 da hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar ta shekarar 2020, masu ita da kansu sun ce kusan kashi 74 ta ci. Wato kusan wuri ɗaya cikin huɗu ba daidai ba ne. Kuma jimillar maki kan yaudari mutum. A ce kashi 90 na wani yanki gona ne. Taswirar da ta shafa wa ko'ina launin gona ta ci kashi 90, alhali ba ta ga fadama ko ɗaya ba, ba ta ga tafki ba, ba ta ga burtali ba. Idan aka miƙo maka taswira aka ce ingancinta kashi kaza ne, tambayi makin kowane rukuni shi kaɗai, musamman ƙananan.

Wa ke raɗa wa ƙasa suna?

Ko da kyamara ta ga komai, sai an zuba abin da ta gani cikin rukunai, rukunan kuma mutane ne ke tsara su tun kafin jirgi ya tashi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana kiran wuri daji idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun wuce mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, kuma ba filin noma ba ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fitar da gonakin Maraɗi daga lissafi. A takarda akwai daji, akwai gona. Gonar da ke da gawo arba'in ba ta da gurbi, sai ta tafi a gona, itatuwanta su tafi a banza. Manomin da ya raine su ya san da su, matarsa da ta daina tafiyar sa'o'i neman itacen girki ta san da su, rukunin taswira ne kawai bai tanadar musu wuri ba.

Harshenmu ya fi waɗannan rukunai wadata. Jigawa daban, fadama daban, fako daban, saura daban da gonar da aka girbe, makiyaya daban da dajin da ba a taɓa ba. Kowace kalma tana ɗauke da sanin ruwa da ƙasa da abin da za a iya shukawa. Ban ga dalilin da zai sa a kashe kuɗin jirgi a samo hoton rabin mita, sannan a murƙushe duk wannan cikin kalma ɗaya ta "ciyawa" ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, lulluɓin ƙasa daban, amfanin da ake yi da ita daban, kuma hoto na farkon kawai yake gani. Burtali a hoton rani wani dogon zare ne na ƙasa tsirara tsakanin gonaki. Saura ciyawa ce da 'yan sabara. Wurin da makiyaya ke sauka wata uku a shekara, sauran watannin ba kowa. Taswira za ta ce fili ne ko ciyayi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma jami'in da ke zaune a ofis yana neman inda zai yanka wa mai zuba jari, idan ya karanta "fili" a matsayin "ba mai shi", an shuka rikicin da za a girba da jini. Kaifin hoto ba ya maganin wannan. Sai an kai taswirar ƙofar mai gari, an zauna da manoma da arɗo, sun sa yatsa sun faɗi abin da kowane wuri yake.

Haka nan hoto na nuna cewa itatuwa sun ƙaru, amma ba ya faɗin dalili. Masana sun yi ta muhawara kan rabon ruwan sama, wanda ya ɗan dawo bayan farin 1984, da rabon hannun manomi, da na sauyin dokoki a Nijar, tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004, bayan dogon zamanin da itace ke zaman mallakar hukuma ko da a gonarka yake. Nan ma hotunan ne suka taimaka. Tappan ya gwada ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Najeriya, inda ruwa da ƙasa da mutane duk iri ɗaya ne, ya ga gonakin ɓangaren Nijar sun fi itace. Da ruwa ne kaɗai, da iyaka ba ta fito a hoto ba. Wannan ba ya nufin manomin Najeriya bai san darajar itace ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa sun gwada hotunan jirgi na shekaru daban-daban na karkarar da ke kewaye da Kano, suka ga duk da cunkoson jama'a da buƙatar itacen birni, manoma na riƙe da bishiyoyin gonakinsu.

Duk waɗannan bincike tsofaffin hotuna ne suka sa su yiwu. Ba wanda zai iya komawa 1975 ya sake tashi da jirgi. Tarin hotunan tsohuwar hukumar safiyo ta Ingila, sama da miliyan ɗaya, yanzu yana ajiye a Edinbara ta Birtaniya, inda aka ɗauki aikin mayar da shi cikin kwamfuta. Kwafin da ke ofisoshin safiyo da sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu ya cancanci irin wannan kulawa kafin gara da zafi su gama da shi, domin a cikinsa ne kaɗai za a ga inda fadama ta tsaya da inda burtali ya bi kafin a haifi masu gardama a kansu yau.

Akwai kuma abin da har yanzu ya fi ƙarfin kyamara. Ƙidayar 2020 ba ta lissafa bishiyar da faɗin kanta bai kai murabba'in mita 3 ba, kuma ba ta bambance gawo da aduwa ko magarya. Tohon da manomi a Magarya ya zagaye da gatarinsa ya bari a sharar gonar bana, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, tsawonsa iya gwiwa. Sai ya tsira daga bakin akuya da wuƙar mai neman itace na wasu shekaru kafin inuwarsa ta cika gidaje goma sha biyu na hoton rabin mita, manhaja ta zagaye shi ta ƙara ɗaya a lissafi.